Wai spam abinci ne ko saƙo?

Tambaya: Malam, na cike neman aiki a intanet, sun ce sun turo min amsa ta imel amma ban ga komai ba. Daga Gusau.

Amsa: Leƙa akwatin Spam na Gmail ɗinka, inda ake jefa saƙonnin da ba a nema ba, wataƙila can saƙon yake kwance. Ka yi sauri, in ya kwana 30 gogewa suke yi.

Tambaya: Yayana da ke Landan ya ce wai spam abinci ne, ni kuma a waya kawai nake ganinsa. Tsokanata yake yi ko? Daga Zariya.

Amsa: A'a ƙanwata, gaskiyarsa ce. Spam naman gwangwani ne da kamfanin Hormel na Amurka ya fara sayarwa a 1937, na alade ne kuma, kar ki ce ya yo miki tsaraba. Sojoji sun ci shi lokacin yaƙin duniya na biyu har ya gundure su. Sai a 1970 masu barkwancin nan na BBC, Monty Python, suka yi wani wasa a gidan abinci inda kusan duk abin da ka tambaya da spam a ciki, ga wasu a gefe suna ta rera spam spam spam har ba a jin maganar kowa. Daga nan 'yan kwamfuta suka ari sunan suka laƙaba wa duk saƙon da ba ka nema ba amma ya cika maka kunne. Shi kansa halin ya daɗe, tun 1978 wani Gary Thuerk ya tura wa mutum kusan 400 tallar kwamfuta a ARPANET, wato kakan intanet ɗin yau, aka yi masa caa.

To ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, yanzu ba baƙi ke turo mana ba, mu ne da kanmu. Guruf ɗin dangi a WhatsApp, da asuba kawu ya saka link wai ana raba data kyauta, tura wa mutum goma, kafin azahar gwaggo ta tura wa guruf biyar, haba jama'a! Kina dannawa sai su nemi lambar waya, daga nan BVN, sannan lambar da banki ya turo miki, shikenan asusu ya zama wayam. Ni kam duk wanda ya turo min irin wannan sau biyu, bulok ne, ko da kawun ne. Mu gaisa a masallaci.