Zan ci bashi in gina masauki kusa da sabon filin wasa: in shiga ko in dakata?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a babban birnin wata jiha a Arewa. Gwamnatinmu ta ce za ta nemi karɓar baƙuncin Gasar Wasanni ta Ƙasa, kuma za ta gina sabon filin wasa a bayan gari. Tun da maganar ta fito kuɗin filoti ya tashi a wajen, dillalai suna cewa wanda bai saya yanzu ba zai ciji yatsa. Na ƙudurta in sayar da shagona ɗaya, in haɗa da bashin banki, in gina masaukin baƙi mai ɗaki ashirin kusa da wurin. Mai ɗakina da 'yan'uwana ba su yarda ba. Ni kuma barci ya ƙaurace mini: in na shiga ina tsoron nutsewa, in na tsaya ina tsoron wasu su kwashe. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka sayar da shagon nan yanzu. Hajiya ta fi dillalan gaskiya.

Jiharku nema ta ce za ta yi, ba a ba ta ba tukuna. Ko da an ba ta, ranar da aka sa ba ita ce ranar da za a yi ba. An ba Kuros Riba gasar 2014, aka yi ta ɗagewa har aka ƙwace, Abuja ta yi ta a Disambar 2018. Gasar Edo ta 2020 annobar korona ta tura ta zuwa Afrilun 2021. Ta Ogun sunanta na 2024 ne, amma a watan Mayun 2025 aka yi ta. A waje ma haka abin yake: an karɓe Kofin Afirka na 2019 daga Kamaru aka ba Masar, na 2025 aka karɓe daga Gini aka ba Maroko. Banki kuwa ba ya ɗage ranar biya don an ɗage gasa. A ƙarshen 2024 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, abin da bankin kasuwanci zai ɗora maka ya fi haka. Ko ta bankin da ba ya cin ruwa ka bi, ribar da kuka yi yarjejeniya a kanta tana nan tana jiranka.

Sai lissafin ɗakunanka. Gasar ba ta wuce kamar sati biyu. A ce duk ɗakunan ashirin sun cika kowane dare, kwanan ɗaki 280 ke nan. A shekara kana da kwanan ɗaki 7,300 da za ka sayar. Wato gasar gaba ɗayanta ba ta kai kashi huɗu cikin ɗari na shekara guda ba, kuma ba za ta dawo jiharku nan kusa ba. Kaduna ta yi a 1977, ba ta sake gani ba sai 2009. Sannan 'yan wasan da ake ta ƙirga maka dubbansu ba a otal suke kwana ba. Ɗakunan ɗaliban jami'a ake ba su, kamar yadda Ogun ta sauke su a Jami'ar Babcock, abincinsu kuma kwangila ce aka ba wani tun kafin su iso. Manyan jami'ai da alƙalan wasa su ne na otal, su kuwa manyan otal na cikin gari ake kama musu, gwamnati ce kuma za ta biya, in ta ga dama bayan wata da watanni.

Yanzu ga babban kuskuren da ke ƙarƙashin duk wannan, wanda ya ishe mu ji daga bakin kwamishinoni da masu ba gwamnati shawara: wai gina filin wasa shi kansa yana jawo arziki. Ba ya jawowa. Fili gini ne mai cin kuɗi kullum, wasa ko babu wasa, kuɗi kuma ba ya shiga sai ranar da aka buɗe ƙofa mutane suka biya. Ƙungiyar da ke babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Najeriya wasa 19 take yi a gida a kakar wasa, sai 'yan wasannin kofi. Sauran kwanaki sama da ɗari uku fa? Wannan ma in jihar tana da ƙungiya a babbar gasar, kuma in mutane suna zuwa kallonta kamar yadda Kanawa ke cika filin Sani Abacha don Kano Pillars.

Duba abin da filin ke ci. Filin ƙwallo mai tsawon mita 105 da faɗin 68 murabba'in mita 7,140 ne. A zafin bazarar Arewa ciyawa tana buƙatar ban-ruwan milimita biyar zuwa takwas a rana, wato lita 36,000 zuwa 57,000, kullum. Sai rijiyar burtsatse, famfo, injin yankan ciyawa, taki da ma'aikatan da suka san aikin. In famfo ya lalace sati biyu a watan Afrilu, ciyawar ta ƙone, sai an sake dasawa. In an ce a sa ta roba don gudun wannan, ita ma bayan shekara takwas zuwa goma sai an ɗaye an shimfiɗa sabuwa, haka ma dandamalin tsere. Wurin ninƙaya na gasa, mita 50 da 25 da zurfin mita biyu, lita miliyan biyu da rabi yake ɗauka, injin tace ruwansa ba ya hutawa. A kashe shi 'yan kwanaki, ruwan ya koma kore. Fitilun dare kuwa janareto da dizal. Duk wannan ba ya cikin kuɗin kwangilar gini. Gwamna yana son ya yanke zare a ɗauki hoto, amma kuɗin ban-ruwan ciyawa ba shi da hoto, shi ya sa shi ake fara yankewa a kasafi.

Ba zato nake ba. Najeriya ta karɓi gasar matasa ta duniya a 1999 da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, an buga wasanni a Kano, Kaduna da Bauci duk sau biyun, an ƙara da Kofin Afirka na 2000 a Kano da Legas. Da gini ne ke kawo arziki, da unguwannin filayen nan sun fi ko'ina otal. Filin Surulere na Legas, inda aka yi Wasannin Afirka na 1973, ya shafe shekaru a yashe. Na Abuja da aka gina don Wasannin Afirka na 2003 ciyawarsa ta mutu har sai da Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin gyara ta. Ƙarshenta ƙasa mai filaye barkatai sai Uyo take zuwa ta buga wasanninta na gida, domin shi ne ya cika sharuɗɗan CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka. Nijar ta karɓi wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci a 2005, amma a neman shiga Kofin Duniya na 2026 Maroko ta riƙa zuwa ta buga wasanninta na gida. Birnin Montiriyal na Kanada sai da ya yi shekara talatin yana biyan bashin Olamfik ɗin 1976.

Sai rahoton nan da ake rubuta wa gwamnatoci, mai cewa gasa za ta kawo biliyan kaza da aikin yi dubu kaza. Dabarar ɗaya ce: a ƙirga duk wanda ya shiga filin, a ninka da abin da aka ga dama. Amma ɗan gari da ya sayi tikiti da tsire a bakin fili bai kawo wa jiha sabon kuɗi ba, kuɗin da zai kashe wajen mai shayin unguwarsu ne ya canza hannu. Sabon kuɗi shi ne na baƙon da ya zo daga wata jiha, ya kwana, ya biya daga aljihunsa. Daga nan kuma sai a cire abin da ya fita: ribar kamfanin gini, kujeru, fitilu da allon nuna sakamako da aka shigo da su da dala. Aikin yin da ake kurari yawanci leburanci ne da gadi na ɗan lokaci. Kuma wanda ya rubuta rahoton sau da yawa yana da rabo a kwangilar. Romon baka ne, a ji shi a matsayinsa.

Abin da ke riƙe masauki shi ne taron da ke dawowa. Dubi kokawar gargajiya ta cin takobi a Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975. Tana zagaya jihohin ƙasar takwas, filinta ƙasa ce da wurin zama, ba ciyawa ba janareton kirki, mutane kuma suna niƙo gari daga nesa su kwana kusan goma. Haka wasan folo na Kaduna da Katsina, da tseren gudun Okpekpe a Edo da ake yi a kan titi ba tare da an gina komai ba.

Kafin ka sa ko kwabo, nemi abu huɗu a rubuce. Takardar da ta nuna an ba jihar gasar. Kasafin jihar, ka ga ko an ware kuɗin ginin, an saki, kuma akwai layin kula da filin bayan gasa. Sunan ƙungiyar da za ta mayar da filin gidanta. Sai taswirar wurin daga ma'aikatar ƙasa da safiyo, domin a dokar filaye ta 1978 gwamna na iya soke mallaka don amfanin jama'a, diyyar kuma ta gini ce da shuka, ba kuɗin da ka ba dillali ba. Filotin da ke jikin fili shi ne ake fara haɗiyewa don titi da wurin ajiye motoci.

In kuma zuciyarka tana kan masaukin, lissafa shi kamar ba za a yi gasar ba sam. Zagaya masaukai uku a yankin ka tambayi ɗaki nawa suke sayarwa ranar Talata a cikin damina. In da wannan adadin ginin zai biya bashinsa, ka gina, amma kusa da tasha, asibiti ko jami'a. Don gasar kanta kuwa, hayar gida ta wata uku, ko kwangilar ruwan sha, katifu da jigila, da kuɗin kafin alƙalami a hannu, ta isa, shagonka kuma yana nan.