Tambayoyinku kan fasaha: zuwa taron masu rubuta manhaja da ƙaramin guzuri

Tambaya: Malam, ɗalibi ne ni a Jami'ar Marwa, ina koyon rubuta manhaja. Wane taro zan iya halarta ba tare da na sayar da wayata ba?

Amsa: Riƙe wayarka, ƙanena. Ka nemi DevFest, taron da rassan Google Developer Groups ke shiryawa kowace shekara, galibi daga Oktoba zuwa Disamba. Shiga kyauta ce ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma ana yin sa a Yawunde da Duwala. Hanya da masauki ne ke cinye kuɗin. Ka bi mota ta Garwa zuwa Ngaundere, ka hau jirgin ƙasa na Camrail mai tashi da yamma ya isa Yawunde da safe, ka ga daren nan ba ka biya ɗaki ba. Ka rubuta wa masu shirya taron cewa za ka yi aikin sa kai ko ka gabatar da jawabi, don su waɗannan ba a cika karɓar kuɗin shiga a hannunsu ba. In hankalinka na waje, PyCon Africa, taron masu rubuta manhaja da yaren Python, wanda aka fara a Akara a 2019, yana ba da tallafin tafiya, amma ana rufe neman tallafin tun da sauran watanni.

Tambaya: Daga Garwa nake. Bara na je wata bita ta koyon aiki da hannu, har aka tashi ina jiran Android Studio, manhajar da ake rubuta manhajojin Android da ita, ya sauka, ban rubuta layi ko ɗaya ba. Bana zan koma. Wace kwamfuta zan saya?

Amsa: Kada ka sayi komai, ɗan'uwa. Kwamfutarka ba ta yi laifi ba, kai ne ka je gona ran shuka kana tambayar inda ake sayar da iri. Wannan abu yana ci mini rai, domin mutum ya yi kwana biyu a hanya, ya kashe guzurinsa, sannan ya zauna yana kallon sandar saukewa tana rarrafe.

Ka yi lissafi da kanka. A ce layin intanet na zauren megabit 50 ne a daƙiƙa, mutum 100 na kansa. Rabon kowa rabin megabit ke nan. Fayil mai gigabait 1 megabit 8,000 ne, wato sama da awa 4 kafin ya sauka. Android Studio kaɗai ya kai gigabait 1, ba a zo kan SDK, wato kayan aikin gina manhajar, da wayar gwaji ta cikin kwamfuta ba. Kuma wannan lissafi na ranar sa'a ne. Wayifai na zangon 2.4 tashoshi uku kawai gare shi da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, to da zarar mutum talatin sun kunna rabon intanet a wayoyinsu, kowa na danne muryar kowa. Ƙaramar na'urar raba intanet kuma adireshin da take ba wa na'urorin cikin zaure galibi ba ya wuce 254, ga kowa da waya da kwamfuta, shi ya sa za ka ga alamar haɗuwa amma babu abin da ke motsi. Docker Hub ma, rumbun da ake sauke kayan Docker (manhajar da ke ƙunshe aiki da duk abin da yake buƙata), yana ƙayyade yawan saukewa ga adireshi ɗaya in ba a shiga da asusu ba, kuma shi daga waje duk zauren adireshi ɗaya yake gani.

Maganin a gida yake, tun saura mako guda kafin bitar. Ka karanta saƙon da masu bitar suka aiko, akwai jerin abin da za a girka, mutane ne ba sa buɗewa. Ka janyo ma'ajiyar darasin da `git clone`, ka girka komai, sannan ka kashe intanet ka tayar da aikin. Matakin kashe intanet ɗin shi ne jarrabawar. Abin da bai tashi a ɗakinka ba, ba zai tashi a zaure ba.

Mai Python ya yi `pip download -r requirements.txt -d kaya`, ranar aiki kuma `pip install --no-index --find-links kaya -r requirements.txt`. Amma a kula, kayan da aka sauke wa Windows ba lallai su shiga Linux ba, haka in sigar Python ta bambanta. Mai Docker ya yi `docker pull` a gida, ya ajiye da `docker save`, ya mayar da `docker load`. Mai Android ya gina aikin sau ɗaya har ƙarshe don Gradle, manhajar da ke haɗa aikin, ya kwaso kayansa, sannan ya sa shi a yanayin aiki ba intanet. Ka leƙa BIOS, wato saitin kwamfuta na lokacin kunnawa, ka tabbatar an kunna VT-x ko AMD-V, saitin da ke ba da damar tayar da wata na'ura a cikin kwamfutar, in ba haka ba Docker da wayar gwaji duka za su ba ka wahala. Ka kwafe duk wannan a filashi mai gigabait 32. Ni wannan filashin nake ɗora wa kowa, domin mai shi yakan ceci duk waɗanda ke zaune a jerinsa, kuma da shi ake ƙulla abotar da ta fi takardar shaidar halarta amfani.

Saura abu biyu da ke kayar da ko gwanaye. Tun Agustan 2021 GitHub, shafin da ake ajiye ayyukan manhaja, ya daina karɓar kalmar sirri wajen tura aiki, sai mabuɗin SSH, wato mabuɗin sirri da ke cikin kwamfutarka, ko lambar izini, don haka ka gwada `git push` kafin ka bar gida. Sannan ka dakatar da sabuntawar Windows na mako guda, kada ta zaɓi tsakiyar bita ta sake tayar maka da kwamfuta.

Wuta kuma, ka tafi da igiya mai bakuna huɗu. Batirin ajiya na waya ba ya cajin kwamfuta sai in yana da USB-C PD mai ƙarfin wat 45 zuwa 65 kuma kwamfutar tana karɓar caji ta wannan baki. Intanet na waya ka ja shi ta igiyar USB, ya fi tsayawa, kuma ba ka ƙara wa zauren hayaniya ba.

Tambaya: An turo mini gayyata ta WhatsApp zuwa taron manhaja a Kanada, an ce in tura kuɗin rajista ta Orange Money zuwa wata lamba, su za su yi mini biza. In tura? Daga 'yar'uwarku a Ngaundere.

Amsa: Kada ki tura ko dala, malama. Masu taro takardar gayyata kawai suke iya bayarwa, biza kuwa hukumar ƙasar ce ke bayarwa. Taron gaskiya yana da shafinsa, da sunayen masu jawabi, da bidiyon shekarun baya, kuma ba ya karɓar rajista a lambar wayar wani mutum. Ki toshe lambar.

Tambaya: Na ji FOSDEM kyauta ne. Da gaske?

Amsa: Da gaske, wannan taro na masu rubuta buɗaɗɗiyar manhaja ko rajista ba a yi. A birnin Burasel na Beljiyam ake yin sa, wajen farkon Fabrairu. Sai dai kuɗin bizar Shengen yuro 90 ne, kusan sefa 59,000, kuma ba a mayarwa in an hana ka, ga inshora, ga tikitin jirgi. Ana watsa jawaban kai tsaye kuma ana ajiye bidiyonsu kyauta. Ku haɗu ku goma a ɗaki guda, ɗaya ya sauke, saura su kwafa.

Tambaya: Alhaji ne daga Kusiri. Yarona zai je taro a Njamena, me zai riƙe?

Amsa: Alhaji, gadar Ngeli kawai zai ƙetara. Kamaru da Chadi duka suna cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ba ya buƙatar biza, sefar ma ɗaya ce. Ya riƙe katin ɗan ƙasa ko fasfo da bai ƙare ba, da katin allurar shawara, da kuɗi a hannu, domin can Airtel da Moov ke aiki, ba MTN da Orange ba. Kafin ya tashi ya rubuta lambobin ceto na GitHub da Gmail a takarda, saboda saƙon tabbatarwa na iya ƙin shiga layinsa na Kamaru idan ya nutsa cikin gari.