Amsa: Rawa a VRChat ba tare da an ga fuskarki ba

'Yar'uwa, kin ce kina son rawa amma kunya ta hana ki, kina tambaya ko surar kwamfuta, wato siffar da ke wakiltarki a VRChat (dandalin intanet da mutane ke haɗuwa a duniyar kwamfuta), za ta ba ki damar sakin jiki. Eh, za ta ba ki, kuma ba sai kin sayi rigar ɗaukar motsi mai tsada ba. Na'urar mocopi ta kamfanin Sony, mai firikwensin (ƙananan na'urorin gane motsi) guda 6 da ake ɗaurawa a kai, wuyan hannu, ƙugu da idon sawu, ta isa.

Sai dai ki kula da na ƙugun nan sosai. Idan ya yi sako-sako, ki juya iya juyawa, surar ba za ta bi motsinki daidai ba, daɗin rawar ya tafi. Ni dai nakan sake daidaita firikwensin idan na ga ƙafa ta fara zamewa a allo.