Na sa sabuwar shen amma har ta saki

Tambaya: Salamu alaikum maigida, ni ɗan kabu-kabu ne nan Damagaram, tsakanin Birni da kasuwar Dole nake aiki, wani lokaci har Mirya. Wata biyu ke nan da na sa sabuwar shen (sarƙar moto) amma har ta saki, in na ɗau mutum da kaya sai in ji tana tsalle kas-kas. Jabu aka sayar mini ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ina kyautata zaton shen kaɗai ka canza, ka bar tsohon pinyo (ƙaramin faifai mai haƙora na jikin inji) da kuron (babban na tayar baya).

Ka san ita shen ba kamar bel ɗin injin niƙa take ba da ke riƙe da matsi, haƙora ne ke shiga raminta ɗaya bayan ɗaya shi ya sa ba ta zamewa. Shen mai lamba 428 da ke kan yawancin moto (babur) masu injin 125cc, daga fil zuwa fil milimita 12.7 ne, kuma daidai wannan tazarar aka yanka haƙoran. In pinyo na da haƙora 14 kuron na da 42, sai pinyo ya juya sau 3 kafin tayar baya ta juya sau ɗaya, nan ƙarfin ja yake fitowa.

To abin da muke cewa shen ta miƙe, ba ƙarfen ne ya miƙe ba, fil ɗin ciki ne ya cinye, tazarar ta ƙaru, sai tsohuwar shen ta riƙa hawa kan haƙora tana gugarsu har su lanƙwashe kamar ƙugiya. Ka ɗora sabuwa kan irin haƙoran nan, wallahi cikin 'yan makonni za su cinye ta. Duƙa ka kama shen ɗin a bayan kuron ka ja ta baya, in ka hango rabin haƙori a fili ta gama aiki. Canza ukun tare, na san da tsada amma ya fi sayen shen sau biyu.

Sai baƙin mai da kuke zuba mata, abin na damuna sosai, ga rairayin garin nan ga ƙurar hunturu, suna haɗuwa su koma kamar dutsen wasa wuƙa. Wanke ta da kananzir, ta bushe, ka sa mai mai tsabta kaɗan ka goge sauran. Kar ka ɗaure ta tamau, bar mata wasa kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, don in an hau moto ƙara ɗaurewa take.