Ta ina zan fara taimaka wa buɗaɗɗiyar manhaja?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne, na ɗan iya Python. Ina son in sa hannu a irin manhajojin nan da kowa ke iya ganin kod ɗinsu ya gyara, amma duk sanda na leƙa GitHub, shafin da ake ajiye kod ɗin irin waɗannan manhajoji, sai kaina ya ɗaure. Ta ina ake shiga?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka rubuta ko layi ɗaya, ka san abin da ya fi ƙaranci a wannan harka: lokacin masu kula da manhajar. Da yawansu mutum ɗaya ne ko biyu, suna yi ne bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su. Duk abin da ya rage musu wahala gudummawa ce, ko da babu kod a cikinsa.

Saboda haka ka zaɓi manhajar da kai kanka kake amfani da ita, ba wadda ta fi suna ba. In ta ba ka matsala, ka kai rahoto mai kyau: wace siga ce a hannunka, a kan wace kwamfuta, me ka danna daki-daki, me ka zata zai faru, me ya faru. Amma ka fara dubawa ko wani ya riga ka. In ya riga ka, ka gwada abin da ya faɗa a taka na'urar, ka rubuta ko ya faru a wurinka. Wannan aikin ba mai yabonsa, amma a ganina ya fi rabin gyare-gyaren da sababbi ke aikawa amfani, domin matsalar da ba a iya maimaita ta ba, ba a iya gyara ta.

Sai takardun bayani. Kai da ka zo yanzu ka fi tsofaffin hannu ganin inda umarnin girkawa ya tsallake mataki.

Akwai kuma ƙofar da Hausarka ce mabuɗinta. MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke gudana a kanta, a translatewiki.net ake fassara ta, kuma akwai Hausa a ciki. Common Voice, wanda Mozilla ta fara a 2017, yana karɓar muryoyin masu karanta jimlolin Hausa, da masu sauraro su tantance. Wayar hannu ta ishe ka wannan.

In ka zo kan kod, ka karanta fayil ɗin CONTRIBUTING, mai bayanin ƙa'idojin ba da gudummawa, ka nemi ayyukan da aka yi wa alamar good first issue, wato masu sauƙi ga sabon shiga, ka faɗa cewa ka ɗauki ɗaya. Ka kwafi rumbun kod ɗin manhajar zuwa asusunka na GitHub, ka buɗe reshe, wato gefen da za ka yi gyara ba tare da taɓa asalin ba, ka gyara abu ɗaya tak, ka tabbata gwaje-gwajen manhajar sun wuce, sannan ka nemi a haɗe gyaranka da asalin kod ɗin. Kada ka aika gyara don kawai a ga sunanka. A Hacktoberfest na 2020, wani gangamin watan Oktoba da ke ba masu aika gyara kyauta, kwaɗayin rigar kyauta ya sa aka cika rumbuna da gyaran banza, har aka sauya doka, sai manhajar da ta amince ake ƙirgawa.

In aka yi maka shiru, ko aka dawo maka da gyara sau uku, ba raini ba ne. A Maris na 2024 Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura shiga wata na'ura ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi diddigi sai ya tarar da ɓoyayyar ƙofar kutse a xz Utils, wata buɗaɗɗiyar manhajar matse fayiloli. Wanda ya dasa ta ya shafe kusan shekara biyu yana aika gyare-gyare har ya samu amanar mai kula da manhajar, wanda gajiya ta kama. Tun daga nan ake ƙara sa ido kan baƙon hannu. Ka jira mako ɗaya ko biyu, sannan ka tuna wa masu kula da manhajar cikin ladabi a ƙarƙashin buƙatar taka, ba ta saƙon sirri ba.