Kar ka taɓa python3 ɗin da ya zo da Ubuntu

Wato kana da Ubuntu 22.04 mai Python 3.10, aikinka kuma 3.12 yake nema, shine kake tambaya ko ka cire tsohon ka sa sabo? A'a malam, kar ma ka fara. Bar 3.10 a inda yake ka saka 3.12 a gefensa, ko ta deadsnakes (ma'ajiyar da ake sauke wasu nau'o'in Python na Ubuntu daga ciki) ko da pyenv (manhajar saka nau'o'in Python daban-daban), sai ka buga python3.12 -m venv da sunan folda ka haɗa venv, wato keɓaɓɓen wurin aiki na Python, kayi aikinka a ciki, su biyun suna zama lafiya lau a kwamfuta ɗaya.

Dalili kuwa shi kansa Ubuntu ɗin da 3.10 yake tafiya, irin su add-apt-repository (umarnin ƙara ma'ajiyar manhajoji) duk shi suke kira, apt_pkg (mai haɗa Python da apt, tsarin saka manhajoji na Ubuntu) ma don shi aka gina shi. Ni na taɓa karkatar da python3 zuwa sabon da update-alternatives (umarnin zaɓar nau'in da tsarin zai riƙa kira), wallahi terminal ma ƙin buɗewa yayi, sai da na shiga allon rubuta umarni ta Ctrl+Alt+F3 na maido da 3.10 ina ta zufa. In ta deadsnakes ka bi kar ka manta python3.12-venv, daban ake saka shi, in babu shi venv ɗin ba zai haɗu ba.