"Sai mijinki ya sa hannu": matsayin doka a kan jinkirta tiyatar haihuwa

Tambaya: Barista, assalamu alaikum. Shekaruna 27. Makonni biyar da suka wuce na je haihuwa wani asibitin gwamnati. Naƙuda ta yi tsawo, wajen ƙarfe tara na dare likita ya duba ni ya ce sai an yi mini tiyata. Na ce na yarda. Aka ce a'a, sai maigidana ya zo ya sa hannu, alhali yana kan hanya daga Legas, wayarsa ba ta shiga. Mahaifiyata ta ce za ta dangwala, aka ƙi. Sai da asuba ƙaninsa ya zo sannan aka shiga da ni. An ciro yaron ba rai. Na san rai na Allah ne, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Shin ina da hakki a kansu?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ki haƙuri, ya sa mai ceto ne, ya ƙara miki lafiya. Yarda da ƙaddara ba ta hana bin kadin hakki, kuma bin da za ki yi zai iya tsare ran wata da ɗanta.

Babu dokar Najeriya da ta ce sai da sa hannun miji za a yi wa baliga mai hankali tiyata. Izinin na mai jikin ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2001, a shari'ar likita Okonkwo, inda wata mara lafiya ta ƙi a ƙara mata jini saboda aƙidarta, kotu ta ce zaɓin karɓar magani ko ƙinsa na babban mutum ne da kansa, bisa 'yancin da sashe na 37 da na 38 na Tsarin Mulkin 1999 suka ba shi. Wanda ke da ikon cewa a'a, shi ke da ikon cewa e. Da kika ce kin yarda a cikin hayyacinki, abin da ya rage shi ne a yi miki bayanin aikin da haɗarinsa da harshen da kike ji, kamar yadda sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta, a miƙo miki takarda ki sa hannu ko ki dangwala. Ko da ma a sume kike, babu kowa naki a kusa, likita na da damar yin aikin ceton rai ba tare da jiran izini ba. Sashe na 20 na wannan doka ya hana asibiti ko ma'aikacinsa ƙin yin maganin gaggawa bisa kowane dalili, hukuncin kuwa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun.

Asibitoci na neman miji ne don gudun rigima, kuma don a san wanda zai biya kuɗi ya kawo jini. Shawara da miji abu ne mai kyau, ni ma ina goyon bayansa idan da lokaci. Amma al'adar asibiti ba doka ba ce, kuma ba a ajiye mace tana naƙuda awa bakwai ko takwas saboda ita.

Inda gizo ke saƙar shi ne hujja. Kotu ba za ta ba da diyya don an yi jinkiri kawai ba, sai kin nuna cewa jinkirin ne ya jawo asarar. Wannan kuwa a cikin fayil ɗinki yake. Akwai takardar da unguwarzoma ke cikawa lokacin naƙuda, tana rubuta bugun zuciyar jariri da buɗewar bakin mahaifa da lokacin kowane dubawa. Idan ta nuna zuciyar yaron na bugawa da ƙarfe tara, ta raunana tsakar dare, ta tsaya kafin asuba, to maganarki ta yi ƙarfi sosai. Haka bayanin likitan da ya yi aikin: jaririn da ya mutu a lokacin naƙuda fatarsa lafiya take fitowa, wanda ya kwana biyu da mutuwa a ciki fatarsa ta fara saɓulewa, kuma ana rubuta wannan. Ki kuma shirya jin kariyar da za su kawo. Mai yiwuwa su ce ke ce kika ce a jira maigida, ko babu jini, ko ɗakin tiyata a cike yake. Idan har ke kika faɗi haka da bakinki, shari'ar ta yi rauni, don haka ki gaya wa lauyanki gaskiya tun farko.

A wannan makon ki rubuta wa shugaban asibitin takardar neman kwafin fayil ɗinki gaba ɗaya, ki kai kwafi biyu, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya ki dawo da shi. Ki zauna da mahaifiyarki ku rubuta abin da ya faru awa bayan awa tun ba a manta ba: wa ya ce me, ƙarfe nawa. Katin awo, rasit, hoton ciki, da jerin kiran da aka yi wa maigida a waya, duk ki adana. Kada ki sa sunan likita ko asibitin a Facebook, za ki iya jawo wa kanki ƙarar ɓata suna.

Game da inda za ki kai kuka, ya danganta da abin da kike nema. Idan so kike a ladabtar, sai Majalisar Likitoci ta Ƙasa, MDCN, a Abuja. Ana shigar da koke ne da takardar rantsuwa da aka yi a kotu, kwamitin bincike ya ji ɓangarorin biyu, idan ya ga da laifi ya tura wa kotun ladabtarwa, wadda za ta iya yin gargaɗi, ko dakatar da likita har wata 6, ko soke sunansa. Idan nas ko unguwarzoma ce ta hana, majalisarsu daban ce. Babu ɗayansu da ke ba da kuɗi. Diyya sai Babbar Kotu, da ƙarar sakaci a kan asibitin da ma'aikacin, kuma za ki buƙaci likitan mata da zai karanta fayil ɗin ya ba da shaida. Shari'a irin wannan na cin shekaru da kuɗi, shi ya sa sulhu ta hannun lauya, da diyya da takardar amincewa da kuskure, ba abin rainawa ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Tunda asibitin na gwamnati ne, dokar kare ma'aikatan gwamnati ta ce a shigar da ƙara cikin wata 3 daga ranar da abin ya faru, kuma makonni biyar sun riga sun tafi. Kai koke MDCN ko jiran amsar asibiti ba ya tsayar da wannan lissafi. Lauya zai kuma duba ko sai an ba asibitin takardar sanarwa kafin ƙara, wadda ita ma tana cin kwanaki. Idan babu halin ɗaukar lauya, ki je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA a jiharku.

Tunda an yi miki tiyata, ciki na gaba a asibiti za ki haihu. Tun a awon farko ki nemi likita ya rubuta a fayil cewa ke za ki sa hannu da kanki idan bukata ta taso, maigida ya halarci wannan zama, a kuma tanadi mai ba da jini kafin watan haihuwa.